Bincike a intanet da zaman tafakkuri: wane irin mutum muke zama?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, ina so mu tattauna ta.

Duk sanda aka tayar da zancen ladubban bincike a intanet, dokoki ake jerowa: kada ka kwashi rubutun wani ka ce naka ne, ka faɗi inda ka samo magana, kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba. Babu mai jayayya da waɗannan. Amma mutum zai iya kiyaye su kaf, ya raba dare yana buɗe shafi yana rufewa, ya tashi kansa ya cika taf, zuciyarsa kuwa wayam. Bai saɓa wa doka ko ɗaya ba, kuma bai ƙaru da komai ba.

Masu falsafar ɗabi'a, wasunsu suna auna aiki da abin da ya haifar, wasu kuma da wajibin da ke wuyan mai yin sa. Akwai hanya ta uku wadda ta girme su, tambayarta kuma daban ce: wannan abin da nake maimaitawa kullum, wane irin mutum yake mayar da ni? Aristotal, masanin falsafa na ƙasar Girka wanda ya rasu shekara 322 kafin miladiyya, shi ya fi shahara da ita. Ya ce da yin gini ake zama magini, da yin adalci ake zama adali, wato sabo ne ke kafa hali. Ya kuma ce hali nagari yana zaune ne tsakanin gazawa da wuce gona da iri: jarumta tsakanin ragwantaka da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. A ƙarshen littafinsa na ɗabi'a kuma ya ɗora rayuwar tafakkuri, wato zurfafa tunani, a saman komai, domin a ganinsa hankali ne mafi daraja a cikin abin da ɗan Adam ya mallaka, kuma tunani a kan gaskiya abu ne da ake so don kansa.

To idan sabo ne ke kafa hali, mu da hannunmu ba ya rabuwa da neman amsa a waya, me muke saba wa kanmu? Ni abin da nake gani shi ne, bincike ɗan aike ne, tafakkuri ne ya aike shi. Yanzu ɗan aiken ya tafi ya ƙi dawowa. Me kuka gani?

Ɗan Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, na ji daɗin maganar, amma ina ganin ka ɗora wa mai karatu kayan da ba nasa ba. Ni sana'ata ke nan, na san yadda ake tsara manhajojin nan. Shafin da ba shi da ƙarshe, wanda kana jan sa yana ƙara zubo maka sabo, da gangan aka yi shi. Bidiyon da ke kunna kansa da zarar na farko ya ƙare, da gangan ne. Kamfani da tallace-tallace yake samun kuɗi, talla kuwa sai ido ya daɗe a kan allo. Tun 1971 masanin tattalin arziki ɗan Amurka Herbert Simon ya faɗa cewa yawan bayanai yana haifar da ƙarancin hankalin da za a ba su, tun kafin a san za a yi wayar hannu irin ta yau. Mutum ɗaya da kyakkyawar niyyarsa yana kokawa ne da dubban ƙwararru da aka ɗauka aiki don su riƙe idonsa. Ka ce masa ya gyara hali? A gyara tsarin tukuna.

Malamar Aji:
Ɗan Kwamfuta, ban ƙi taka ba, amma akwai abin da za ka duba. A 2018 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun buga nazari a mujallar Science a kan labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun gano ƙarya ta fi gaskiya saurin tafiya, har gaskiya takan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, da suka duba asusun da na'ura ke sarrafawa, sai suka ga su ba sa bambantawa, gaskiya da ƙarya duk gudu ɗaya suke yi da su. Mutane ne ke fifita ƙaryar, saboda ta fi zama sabon abu mai ban mamaki. Ka ga ke nan hannunmu na ciki dumu-dumu.

Ɗan Kwamfuta:
Malama, hakane. Amma wa ya sa maɓallin turawa a ƙarƙashin yatsa, ya sa tantancewa ta zama aikin minti goma? Kuma bari in faɗi abin da ke raina: hali zanen dutse ne. Mai gaggawa mai gaggawa ne ko da intanet ko babu.

Tsohon Almajiri:
Ɗana, a nan kam ban bi ka ba. Wannan karin maganar muna faɗar ta, amma malamai sun daɗe da amsa ta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware mata wuri a cikin littafinsa Ihya'u, inda yake maganar horar da rai. Ya ce da hali ba ya karɓar canji, da wasiyya da wa'azi da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Har ya kawo hujja da dabbobi, ya ce ana horar da shaho da kare da doki su bar abin da suka saba, balle ɗan Adam. Abin da ya yarda da shi shi ne ba a tumɓuke fushi ko sha'awa daga tushe, ana dai mayar da su kan tsaka-tsaki. Kuma yadda ya bayyana hali ya yi daidai da batunmu: yanayi ne da ya zauna daram a cikin rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba sai an tsaya shawara ba. Wanda yatsansa ke tura labari kafin ya gama karanta kanunsa, wannan ya riga ya zama hali. Wanda kuma hannunsa ke tsayawa da kansa ya ce bari in duba, shi ma hali ne, kuma koyon sa ya yi.

Mai Nazari, maganar Aristotal ba baƙuwa ba ce a wurin malamanmu. Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina littafinsa na gyaran ɗabi'u a kanta, Gazali ma ya lissafa iyayen halaye nagari guda huɗu: hikima, jarumta, kamewa da adalci. Amma abin da nake so ku riƙe shi ne yadda Gazali ya fassara tafakkuri. Ya ce shi ne ka halarto da sani biyu a cikin zuciya domin su haifar maka da na uku. Ku lura da kyau, a cikin zuciya ya ce. Sanin da ke ajiye a wani shafi, wanda ka san dai inda za ka same shi, ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa ya haifi komai. Sai wanda ya shiga ya zauna, ka kwana da shi ka tashi da shi, wata rana kana tafiya ko kana zaune shiru ya ci karo da wani da ka sani tun tuni, sai ka ga ƙofa ta buɗe. Wannan shi ne abin da nake jin tsoron muna rasawa. Ba ƙarancin karatu ke damunmu ba, ba a taɓa karatu da yawa kamar yau ba. Abin da muka karanta ne ba ya samun masauki.

Malamar Aji:
Allah ya saka da alheri, Baba. Wannan ita ce damuwata da ɗalibai. Akwai gwajin da aka yi a jami'ar Yale aka buga a 2015: an sa wasu su nemi amsar tambayoyi a intanet, wasu kuma ba su nema ba, sannan aka tambaye su duka yadda suke ganin za su iya bayani a kan wasu batutuwa daban da ba su shafi na farkon ba. Waɗanda suka yi nema sun fi ɗaukar kansu masana. Wato sauƙin samun amsa yana sa mutum ya ɗauka sanin a kansa yake. Ina ganin haka a aji. Yaro zai kawo rubutu mai kyau, in na ce rufe takardar ka gaya mini da bakinka, sai ya yi tsuru-tsuru. Kuma ba ƙarya yake yi ba da ya ce ya gane, shi ma ya ɗauka ya gane. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira (AI) ta zo abin ya ƙaru, domin tana ba da amsa a tsare cikin harshe mai daɗi, wani lokaci har da sunan littafin da babu shi a duniya.

Ɗan Maƙwabta:
Salama gare ku duka. Ni Kirista ne, kuma a namu ɓangaren ma an yi wannan nazarin. Tomas Akwinas, babban malamin coci wanda ya rasu a 1274, ya raba son sani gida biyu. Akwai naci a kan karatu, wanda ya ɗauke shi hali nagari, ya kuma sa shi a ƙarƙashin kamun kai, ba ƙarƙashin hikima ba. Dalilinsa shi ne mutum da ma an halicce shi da son sani, abin da yake buƙata linzami ne. Akwai kuma kwaɗayin sani, wanda ya ɗauka aibi ne. Daga cikin alamunsa ya ambaci mutum ya bar karatun da ya wajaba a kansa ya koma ga wanda bai kai shi amfani ba, da neman sani a wurin da bai dace ba, da kutsawa cikin abin da ya fi ƙarfin fahimtarsa har ya faɗa kuskure. Duk wanda ya taɓa shiga intanet neman abu ɗaya ya tsinci kansa a wani wuri can daban ya san na farkon. Wanda kuma ya karanta shafi biyu a kan wata cuta ya fara musu da likita, shi ne na ƙarshen.

Tsohon Almajiri:
Madalla, maƙwabci. Mu ma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga ilimin da ba ya amfani, kuma ya ce yana daga kyawun Musuluncin mutum ya bar abin da bai shafe shi ba.

Uwar Yara:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, domin ni akwai inda maganar ta tsaya mini a wuya. Wannan zaman tafakkurin, wa ke da lokacinsa? Aristotal da kansa ya ce sai da hutu ake yin sa, kuma a garinsu Atina bayi da mata ne ke ɗauke da aikin da ya ba su Aristotal damar zama su yi tunani. Har kare bauta ya yi a rubuce. Ni da nake fita aiki in dawo in kama hidimar yara, ɗan lokacin da nake samu in karanta wani abu a waya shi ne makarantata. Intanet ce ta buɗe wa irina ƙofar da a da a rufe take. Yanzu kuma a ce mini wannan karatun bai cika ba sai na samu ɗaki shiru na zauna? Ina jin tsoron kada mu mayar da nagarta kayan masu hannu da shuni.

Mai Nazari:
Yaya, wallahi maganarki tana da nauyi, kuma abin da kika faɗa a kan Aristotal gaskiya ne, ba zan kare shi ba. Sai dai shi ma da ya yi maganar tsaka-tsaki ya ce ba awo ɗaya ba ne ga kowa, gwargwadon mutum ne da halin da yake ciki. Abin da zai zama sakaci ga ɗalibin da karatu ne kaɗai aikinsa, a wurinki ƙoƙari ne babba. Kuma in muka bi fassarar da Baba ya kawo, tafakkuri ba ɗaki yake nema ba. Abu ɗaya da kika karanta da safe, kika bar shi yana juyawa a ranki kina aikinki, ba ki danne shi da wasu ashirin ba, ai kin yi tafakkuri. Hasali ma aikin hannu da aka saba da shi yana barin zuciya ta yi tunani. Abin da ya canza shi ne waɗannan 'yan guraben, jiran mota, jiran layi, kafin barci ya zo, su ne a da tunani ke samun wuri, yanzu kuma duk mun cike su.

Ɗan Maƙwabta:
A Linjilar Luka sura 10 akwai labarin 'yan'uwa biyu, Marta tana ta hidimar baƙi, Maryamu kuma ta zauna tana sauraron Yesu. Malaman coci sun daɗe suna ɗaukar su misalin rayuwar aiki da rayuwar tafakkuri. Amma Akwinas, duk da ya fifita tafakkuri, ya ce wanda ya yi tunani sannan ya miƙa wa wasu abin da ya samu ya fi wanda ya tsaya a tunanin kaɗai. Uwa mai koya wa 'ya'yanta abin da ta fahimta tana cikin wannan.

Tsohon Almajiri:
Gazali ma ai bai dawwama a keɓe ba. Ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, ya yi shekaru a keɓance, amma a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur.

Uwar Yara:
To na ji, kuma na gode. Amma ina nan a kan cewa duk mai wa'azin natsuwa ya fara tambayar wa ke riƙe masa gida.

Malamar Aji:
Akwai wani abu da nake so in ƙara, kada a tashi da fahimtar cewa nagarta kullum ita ce a zauna a karanta a hankali. A jami'ar Stanford an gwada rukuni uku wajen tantance shafukan intanet: malaman tarihi masu digirin digirgir, ɗaliban jami'ar, da ƙwararrun masu tantance labarai. Malaman tarihin da ɗaliban sukan tsaya a kan shafin, su karanta shi sama da ƙasa, su duba kyan tsarinsa da tambarinsa, kuma da yawansu shafin ya ruɗe su. Masu tantancewar kuwa ba sa daɗewa, nan da nan suke fita su buɗe wasu shafukan su ga me aka sani game da masu wannan shafin, sannan su dawo. Sun fi sauri, sun kuma fi dacewa. Ka ga a nan barin shafi da wuri shi ne hikima. Natsuwa a kan rubutun maƙaryaci ba ta ƙara maka komai sai nutsewa.

Tsohon Almajiri:
'Yata, wannan ai aikin malaman hadisi ne. Kafin su dubi matani, wato lafazin hadisin, sai sun dubi isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi. Ibnu Sirina ya ce wannan ilimin addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Imamu Muslim ya kawo ta a gabatarwar littafinsa, a nan kuma ya kawo hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji. Alƙur'ani ma a Suratul Hujurati aya ta 6 ya ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Saboda haka mataki biyu ne. Ka fara sanin wa ke magana, wannan yana son zafin nama. In ka tabbatar ya cancanci a saurare shi, sai ka zauna ka ba shi lokacinka. Sanin lokacin da za ka tsaya da lokacin da za ka wuce, babu dokar da za ta rubuta maka shi, sai gogewa da zama da waɗanda suka iya.

Ɗalibar Digiri:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni tawa tambayar ta wani gefen ce. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan yadda masu fama da wata doguwar rashin lafiya ke ba juna shawara a kafofin sada zumunta. Rubuce-rubucensu a buɗe suke, kowa na iya gani, kuma ƙa'idar da aka ba mu ba ta hana ni kwasa ba. Amma in na karanta mace tana faɗin abin da ko danginta ƙila ba su sani ba, sai in ji kamar leƙe nake yi. Shin wannan ma ya shiga maganar hali?

Ɗan Kwamfuta:
Ƙanwata, ya shiga, kuma a nan zan sassauta matsayina. A watan Janairun 2012 Facebook ya yi gwaji na mako guda a kan mutum 689,003, aka rage wa wasu rubuce-rubuce masu faranta rai, wasu kuma aka rage musu masu baƙanta rai, don a ga ko zai shafi abin da su ma za su rubuta. Ba a tambaye su ba. Da aka buga sakamakon a 2014 duniya ta yi ca, hujjar da aka kawo kuwa ita ce sharuɗɗan amfani da shafin da kowa ya amince da su. Ga takarda an cika, amma mutane sun ji an ci amanarsu. Sai dai ku lura, wannan ya ƙara nuna abin da nake faɗa: masu tsara manhajar su ma mutane ne, su ya kamata a fara tambaya wane irin mutane suke zama.

Mai Nazari:
A kan wannan ba mu da saɓani. Maganar hali ba ta tsaya kan mai riƙe da waya ba, ta hau kan injiniya da mai kamfani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne in jira su gyaru kafin in fara.

Tsohon Almajiri:
'Yata Ɗalibar Digiri, wannan nauyin da kike ji kada ki kashe shi, kunya ce, kuma ita ce za ta tsare ki a inda ƙa'ida ta yi shiru. A cikin surar nan dai ta Hujurati, aya ta 12, an hana bin diddigin asirin mutane. Ba ina cewa aikinki shi ne wannan ba, niyyarki taimako ce, kuma sanin yadda marasa lafiya ke tallafar juna ilimi ne mai amfani. Amma matar nan da ta rubuta, 'yan'uwanta masu ciwo irin nata take gaya wa, ba kundin jami'a ba.

Malamar Aji:
A aikace ga abin da zan ba ki shawara. Ki nemi masu kula da rukunin da marasa lafiyar ke rubutu a ciki ki gabatar da kanki, ki faɗi abin da kike yi, ki bar su su sanar da mambobi. Cire suna kaɗai bai isa ba, domin in kika ɗauko jimlar mutum yadda take, duk wanda ya liƙa ta a Google zai iya kaiwa ga mai ita. Ki sake faɗin maganar da kalmominki, ki cire duk abin da zai nuna gari ko wurin aiki ko shekaru. Wadda kike so ki kawo maganarta kalma da kalma, ki tura mata saƙo ki nemi izini, in ta ce a'a ki bar ta. Zai ja miki lokaci, kuma wasu maganganun da suka fi daɗin kawowa za su kuɓuce miki.

Ɗalibar Digiri:
Na gode ƙwarai, Malama, na gode Baba. Zan rubuta wa masu kula da rukunin yau, sannan in kai wa malamin da ke duba aikina maganar sake tsara babi na uku, tunda can ne na jera maganganun mutane yadda suka rubuta su.